Yamai ko Kano: Ina Ɗan Mallawa Zai Dosa?

Ɗalibin Mallawa da ya ci BAC, yake muradin kimiyyar harshe, yakan rasa zaɓi tsakanin Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda aka kafa a 1971, da Jami'ar Bayero ta Kano. Kano ta fi kusa, kuma ta yi fice a nazarin Hausa. Duk da haka, a ganina Yamai ce ta dace da digirin farko. Da Faransanci ya yi karatu tun firamare; a Kano kuwa sai ya yi fama da Ingilishi kafin ya kai ga ilimin furuci. A Yamai zai cuɗanya da Zabarmawa, Fulani da Abzinawa, kunnensa ya saba da tsarin harsuna daban-daban. In ya ƙware, sai ya nufi Kano neman digiri na biyu.