Ambilansi ba motar haya ba ce



Akwai magana guda da kunnuwanmu suka gaji da ji a ƙofar likita: "Ku kawo kuɗin mai, sannan mota ta tashi." Ana faɗa wa mutumin da ya yi yini a hanya da matarsa bisa amalanke, tana naƙuda. Ana faɗa wa wanda kububuwa ta sari ɗansa, da wanda sa ya soka, da wanda ƴan fashi suka harba a hanyar kasuwa. Kuɗin makiyayi kuwa a kan ƙafa huɗu suke tafiya. Kafin a koma ruga a kamo tunkiya, a sami mai saye cikin dare, rai ya yi halinsa. Likitoci da bakinsu suna cewa zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa 2. Daga Dakwaro zuwa Maraɗi ya fi kilomita 100. Daga Tanut zuwa Damagaram ma haka. Wane lokaci ne ya rage na ciniki?

Da yawa cikinmu sun ɗauka ambilansi alfarma ce, majo ya ga dama ya ba ka, ya ga dama ya hana. Ba haka ba ne. Motar nan da direbanta da ma'aikacin da ke cikinta duka suna ƙarƙashin doka. Mu, in mun loda shanu a babbar mota, kowane shinge sai an tambaye mu takardar allura da takardar haraji da takardar wucewa. Guda ta ɓace, sai mu kwana nan. To motar da ke ɗaukar ɗan Adam ita ma tana da nata sharuɗɗa. Ga su nan, mu san su, don rashin sani ya fi dare duhu.

Na farko, taimakon gaggawa tilas ne. Dokar hukunta laifuka da Nijar ta kafa a 1961 ta sa hukunci a kan duk wanda ya ga mutum cikin haɗari, yana da ikon taimakonsa ba tare da ya jefa kansa cikin haɗari ba, ya ƙi da gangan. Wannan ya hau kan kowa. Ina ga wanda aikinsa ke nan, ana biyansa albashi a kai? Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Masu zuwa kasuwannin Illela da Jibiya da Maigatari su sani, a Najeriya ma haka abin yake. Dokar kiwon lafiya ta ƙasar ta 2014 ta hana ma'aikaci ko asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, kowane dalili ne, kuma ta sa tarar naira 100,000 ko ɗauri har wata 6. Wata doka ta 2017 ta ce wanda aka harba a karɓe shi nan take, da takardar ƴan sanda ko babu, kuma ba a jira ya ajiye kuɗi. Asibiti ne zai sanar da ƴan sanda bayan an soma magani. Saboda haka duk wanda ya tsaida mai rauni a ƙofa ya ce sai an kawo takarda, shi ne ya taka doka.

Na biyu, kuɗi. Tun dokar 1995 muna biyan kuɗin magani a likitocin gwamnati, kuma a kowace CSI akwai kwamitin jama'a mai lura da kuɗin, wanda ake ce wa COGES. Amma ba komai ake biya ba. A 2005 gwamnati ta ce fid da jariri ta hanyar tiyata kyauta ne. A 2006 ta ƙara da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki. A 2024 an rage kuɗin likitocin gwamnati da rabi, aka ce haihuwa kyauta ce. Mene ne amfanin tiyata ta kyauta in an bar mace a tsakar gidan CSI saboda kuɗin gazuwal? Inda tsari ya ce dangi su biya mai, ba mu ƙi ba. Amma kuɗin ya zama sananne, a rubuce, a manne a bango, kilomita kaza kuɗi kaza, ɗaya ga ɗan gari da baƙo. Ba a dubi sandar mutum da malfarsa a ce wannan mai shanu ne, a ninka masa ba. Kuma ko dala guda aka karɓa, a ba da rasit. Kuɗin da ba rasit, aljihun wani suka shiga.

Na uku, ita kanta motar da mutanenta. Direba sai da parmi. Mota sai da takardar asiransi da ta duba lafiyarta. In ta faɗi da marar lafiya a hanya ba ta da asiransi, wa zai biya diyya? Kuma sai an haɗa marar lafiya da ma'aikaci mai horo, wanda ya iya sa ruwa a jijiya, ya iya tsaida jini. Motar da ba kowa cikinta sai direba da dangi masu addu'a, wannan a-kori-kura ce aka yi wa fenti. Maganin da ke ciki ya zama kwanakinsa ba su ƙare ba. Allurar tsaida jini bayan haihuwa sanyi take so, zafin rana yana rage mata ƙarfi. Mu da muka san allurar shanu ba ta kwana waje cikin bazara, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Na huɗu, rubutu. Marar lafiyar da aka tura daga CSI zuwa babbar likita ta gunduma ko ta jaha, sai ya tafi da takardar turawa: me ya same shi, yaushe ya zo, wane magani aka ba shi, ƙarfe nawa mota ta tashi. Babu wannan takarda, likitan can sai ya soma daga farko, ko ya ƙara allurar da aka riga aka yi. Motar ma tana da littafinta, inda ake rubuta kowace fita da kilomita da man da aka sha. Littafin nan shi ne shaida. Shi zai nuna ko motar ta je ɗaukar mai naƙuda ne, ko kuwa ta je kai buhunan hatsi, ko rakiyar amarya. Masu ƙin rubutu sun san abin da suke ɓoyewa.

Na biyar, yarda da sirri. Mutum mai hankalinsa sai an gaya masa abin da za a yi masa, cikin harshen da yake ji. Wanda bai ji Faransanci ba, kuma Hausarsa ta kasuwa ce, a nemo mai jin Fillanci ko Buzanci. Dangwala yatsa a takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba, wannan ba yarda ba ce. Wanda kuwa ya suma, ana ceto shi nan take, ba a jiran kowa. Macen da jini ke zuba ba a ajiye ta a ce sai mijinta ya komo daga mashekari. Sannan abin da ma'aikaci ya gani a jikin mutum amana ce. Ita dai dokar 1961 ta sa hukunci a kan ma'aikacin lafiya mai tona asirin marar lafiya. Ciwon mutum ba hirar tasha ba ne, kuma ba a ɗaukar hotonsa da salula a watsa.

Na shida, alamar da ke jikin mota. Yarjejeniyoyin Janeba na 1949 sun kare motocin ɗaukar masu rauni a lokacin yaƙi, kuma a 2016 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sake jaddada haka a ƙudurinsa mai lamba 2286. Amma kariyar tana da sharaɗi: motar ta tsaya ga aikinta. Ranar da aka ɗauki makamai ko ƴan yaƙi a cikinta, kariya ta faɗi. Wanda ya ɓoye kayan fasa-ƙwauri a ambilansi ya jawo wa duk masu ciwo tsaiko a shinge, don daga ranar kowace ambilansi sai an zazzage ta.

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce gwamnati ba ta biya bashin maganin kyauta da wuri, akwatin CSI ba kome, hanya ta cinye tayoyi, ma'aikaci guda ne ke kwana yana aiki. Gaskiya ne, kuma akwai ma'aikata da yawa masu tsoron Allah da ke sa kuɗin aljihunsu su sayi mai. Muna gode musu. Amma bashin gwamnati a bi gwamnati. Ba a karɓarsa daga hannun mai zubar jini. Kuma hanya tana nan, an gwada ta. A wasu gundumomin jahohin Dosso da Tawa an ƙara dala ashirin, wato tamma 100, a kan kuɗin ganin likita, ana tara su wuri guda don man ambilansi. Mai lafiya yau ya biya wa mai ciwon gobe. Abin da aka iya a can, me zai hana a iya a ko'ina?

Ga abin da muke nema. Mota ta tashi tukuna, lissafi ya biyo baya. A manna kuɗin tafiya a bangon kowace CSI, da Hausa da sauran harsunanmu. A ba makiyaya kujera a COGES, don muna biya kamar kowa, ko da ba kullum muke zaune wuri guda ba. A karanta littafin mota da na kuɗi gaban kwamiti kowane wata.

Ku kuma, ƴan'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane ardo ya riƙe lambar majon CSI da ke kusa da inda ya sauka. A cikin birni, 18 ita ce lambar ƴan kwana-kwana, 17 ta ƴan sanda, a Yamai kuma 15 ita ce ta SAMU, masu ɗaukar marar lafiya na gaggawa. Kowace ruga ta ajiye ɗan kuɗi a hannun amintacce, don kada a sayar da saniya rabin kuɗi cikin dare. Ku nemi rasit. Ku nemi takardar turawa. In an ƙi ku, kada ku yi faɗa, kada ku ɗaga sanda. Ku riƙe rana da lokaci, ku sami shaidu 2, ku kawo wa ƙungiya. Za mu rubuta wa shugaban likitocin gunduma da perefe, in ta kama mu kai gaban mai shari'a. Dokar da ake karanta mana a shinge, mu ma mun iya karanta ta a ƙofar likita.

Allah shi ba mu lafiya, shi tsare mu da dukiyarmu. Wassalam.