Sharhi: Kafin a Sayi Jirgin Ruwa, a Auna Mansa da Nauyinsa

Jirgin ruwan da aka saya bana zai iya shafe shekara 25 zuwa 30 yana aiki. Ke nan hukuncin da jami'i ya sa wa hannu yau a Abuja zai ci gaba da shafar iska da ruwan Legas, Warri da Onne bayan shi kansa ya yi ritaya.

Masana muhalli kan raba rayuwar jirgi gida uku: ƙira, aiki da rushewa. A jiragen da ke ƙona dizal ko baƙin mai, mafi yawan gurɓatawar a lokacin aiki take aukuwa. Sarrafa tan ɗaya na ƙarfe yana fitar da kusan tan 2 na iskar kabon, ƙona tan ɗaya na baƙin mai kuwa fiye da tan 3. Sau ɗaya ake narka ƙarfen jirgi, amma kullum sai ya sha mai.

Nauyi ma yana da nasa rabon. Jirgi mai nauyi ya fi nutsa cikin ruwa, sai injinsa ya ƙara ƙarfi kafin ya keta, ya kuma ƙara shan mai. Wannan ya fi bayyana a jiragen sintiri da na fasinja masu gudu, shi ya sa ake ƙera da yawansu da alminiyom. Sai dai narka alminiyom yana cin wutar lantarki mai yawa, don haka ribar ba ta fitowa sai jirgin yana yawan zirga-zirga. A manyan jiragen dakon kaya kuwa, gudu ne abin lura: rage shi da kashi 10 cikin 100 kan rage kusan kashi ɗaya cikin biyar na man tafiya guda.

Dokokin duniya sun riga sun tsananta. Tun 2020 Hukumar Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya, IMO, ta rage sinadarin salfa da aka yarda da shi a man jirage daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin 100. A 2023 ta sa burin kai hayaƙin da ke ɗumama duniya matakin ba-sauran-bashi a wajen 2050. Tsohon jirgin da wasu suka sayar da arha saboda waɗannan dokoki kaya ne ga wanda ya saya. Araha ba ta ado.

Wajibi ne Ma'aikatar Harkokin Teku, da NIMASA, NPA da NIWA, tare da Hukumar Kula da Sayayyar Gwamnati, su sa wa kowace kwangilar jirgi sharaɗi uku: a bayyana nauyinsa, da man da zai sha a shekara, da yadda za a rushe shi. Haka ya dace a bi wajen raba asusun tallafa wa 'yan ƙasa sayen jirage, wanda dokar 2003 ta kafa. Duk takardar da ta iso teburin minista da farashi kaɗai, a mayar da ita a cike gurbin.