Tasawa da Mayahi: wa ke riƙe da lissafin kasuwar hatsi?

Da kaka, manomin Mayahi kan kai 'yan tiyoyinsa na hatsi ko wake kasuwa ya sayar da arha don biyan bashi. Kafin damina ta kankama, shi ne kuma zai koma ya sayi hatsin da tsada. Talauci ne ke tilasta masa, babu shakka, amma akwai kuma tazarar sani tsakaninsa da mai saye. Babban ɗan kasuwa ya san farashin Maraɗi da na Dawanau a Kano, ya san yadda naira ta kwana a gaban sefa. Manomi kuwa abin da dillali ya faɗa masa ya sani.

Alƙaluma dai akwai su. Tun 1989 Nijar ke da tsarin bin farashin kasuwannin amfanin gona, wato SIMA, mai fitar da rahoto kowane mako. Sai dai rahoton da Faransanci yake, lissafinsa da kilo da buhu, alhali cinikin ƙauye da tiya ake yin sa. Ya fi amfanar hukumomin da ke sa ido kan ƙarancin abinci.

An yi zaton wayar salula za ta cike giɓin. Binciken masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ya nuna cewa shigowar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Amma da ita da Marcel Fafchamps suka duba kuɗin da ke shiga hannun manomi, sun tarar bambancin ya ragu a wake kawai, ban da hatsi da dawa. Jin farashi bai wadatar da wanda ba shi da halin jira ba.

Nan ne babbar kasuwar sarin hatsi ta Tasawa, wadda aka gina da tallafin asusun FIDA, ke da rawar takawa. Duk motar da ta yi lodi, duk buhun da ya hau sikeli, bayani ne. Idan masu tafiyar da kasuwar suka tsaya ga karɓar kuɗin shiga, an yi asarar sa. Idan kuwa suna rubuta yawan abin da ya shigo, daga wace karkara, ina ya nufa, kuma nawa aka saya, ƙungiyar manoma za ta iya yanke shawarar da ta fi kowace wuya: buhu nawa za ta jinginar a sito ta karɓi bashi, kuma a wane wata za ta fitar. Jinginar amfanin gona caca ce idan babu tarihin farashin shekaru da dama, domin akwai shekarar da farashi ba ya tashi har ya biya kuɗin ruwa da na ajiya.

Shekarun nan sun ƙara dagula lissafin. An rufe iyakar Najeriya bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, sannan a Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi waje, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. Kowane mataki ya sauya inda buhun Tasawa zai iya zuwa, da abin da za a biya shi.

Aikin bai buƙatar kwamfuta mai tsada. Littafi guda, ma'auni guda da kowa ya yarda da shi, da sanarwa da Hausa ta rediyon karkara ko saƙon murya na WhatsApp kafin ranar kasuwa sun isa a fara. Abin da zai yi wuya shi ne albashin mai rubutawa bayan tallafi ya ƙare, da amincewar dillalai, waɗanda wani ɓangare na ribarsu daga wannan tazarar yake fitowa.