Rancen Bankin Duniya Da Albashin Malamin Gona

Duk ɗan Arewa da ke sana'ar shanu ko hatsi a Ikko, Badun ko Fatakwal ya san Potiskum. Daga kasuwar shanunta ake loda manyan motoci zuwa Kudu kowane mako. Amma ƙasar da ke ciyar da wannan kasuwa tana lalacewa. Da damina ruwa na yanka kwazazzabai yana rushe gidaje, da rani kuma iska na kwashe ƙasar gona.

A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, wanda zai farfaɗo da ƙasa hekta miliyan ɗaya a jihohin Arewa 19 da Abuja. Jihar Yobe na ciki, kuma an ɗora wa kowace jiha ta kawo nata kason kuɗi. Wannan abin yabo ne, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, sai dai akwai darasi a baya. A 1990 aka fara shirin NEAZDP a yankin Gashuwa da taimakon ƙasashen Turai. An haƙa rijiyoyi, an dasa itatuwa, an horar da ma'aikata. Da Turawa suka janye taimakonsu a 1995, bayan rataye Ken Saro-Wiwa, sai nauyin ya dawo kan gwamnati, aiki ya ja baya. Haka ma ayyukan gona da aka soma a Funtuwa, Gusau da Gombe a 1975: da kuɗin banki suka ƙare, malaman gona suka yi ƙaranci.

Dashe ba ya shayar da kansa, magudanar ruwa kuwa ba ta yashe kanta. Sai da malamin gona da malamin daji, 'yan ƙasa, masu jin Karekare da Ngizim da Bolanci, waɗanda manomi zai tarar a ƙauye ya kuma yarda da maganarsu.

Saboda haka ya kamata tun yanzu Gwamnatin Tarayya da ta Jihar Yobe da Ƙaramar Hukumar Potiskum su rubuta yarjejeniya kan albashin waɗannan ma'aikata, kowa ya san kasonsa, a sa cikin kasafin kuɗin kowace shekara. Ƙaramar hukuma ba za ta fake da rashi ba, tunda a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Wajibi ne a cika wannan hukunci.

Ƙungiyoyin 'yan Arewa mazauna Kudu su ma suna da hakki. Duk wanda ya je gida ya tambayi shugaban ƙaramar hukumarsa: malaman gona nawa ke gare shi, wa ke biyansu? Rance ne aka ci, 'ya'ya da jikoki za su biya. Kada su gaji bashi da kwazazzabo tare.