Zaman gida: Ɗan haya da dabbarsa

Manoma da makiyaya, wannan watan maganarmu ta gidan haya ce. A Kance da Matameye akwai masu zaman haya: malamin makaranta, ma'aikacin likita, ɗan kasuwa, har da makiyayin da ya shigo gari cin rani. Wasunku kuma ku ne masu gidajen. Ɗan haya ba ya zuwa shi kaɗai. Yana zuwa da akuya, ko ragon layya, ko kaji, ko kare.

Kafin ka kafa turke, tambayi mai gida. Ka faɗa masa dabba nawa gare ka. A yi maganar gaban shaidu biyu ko gaban mai unguwa. Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ga amfanin karatunku: ku rubuta a takarda, kowa ya riƙe tasa.

Me ya sa mai gida yake ƙin akuya? Saboda bango. Akuya tana lasar bangon laka don neman gishiri, tana goga jikinta, fitsarinta yana cin gindin bangon. Da damina ta sauka sai katanga ta zube, rigima ta tashi. Maganin mai sauƙi ne. Ka kafa turke nesa da bango, kamar taki uku, kuma nesa da rijiya da madafa. Ka ajiye mata gishiri ko kanwa ta lasa. In ta yi ɓarna, ka yi yaɓe da kanka, kada ka jira a kai ka wurin sarki.

Sai maganar taki, wadda mutane ke mantawa sai ranar da amalanke ya tsaya ƙofar gida. Takin na wa ne? Ɗan haya ya ce shi ya sayi dusa da harawa. Mai gida ya ce a filinsa aka zuba. A ganina ɗan haya ya fi gaskiya, amma in ba shi da gona, ya bar wa mai gida, a rage masa wani abu cikin kuɗin haya. Ko yaya ne, a yanke tun ranar shiga.

Da damina dabba ba ta yawo. Gonar maƙwabci ba makiyaya ba ce.

Kare shi ne babbar magana, don nan rai ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar haukan kare tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma da yawansu yara ne. Gidan haya kuwa cike yake da yaran mutane. Allurar rigakafin ba sabuwa ba ce, tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya yi wa mutum ita. Mai kare ya kai shi wurin ma'aikatan kiwo a yi masa allura, ya ajiye takardar, ya koma lokacin da aka ce masa. Da rana kare ya zauna ɗaure a inuwa, da ruwansa. Kyanwa ma tana ɗaukar cutar.

In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15. A kai shi likita a ranar, ko da cizon ƙarami ne. Kada a tsaya shafa toka ko gashin karen. Da zarar alamun cutar sun fito, babu magani. Karen kuma a ɗaure shi, a kira likitan dabbobi ya sa masa ido aƙalla kwana 10.

Ranar tashi, ka share turke, ka cike ramin. In ba za ka tafi da karenka ba, ka samo wanda zai riƙe shi, ka miƙa masa har da takardar allurar.