Rahoton shekara na kamfanoni: yana zuwa bayan kasuwa ta watse

Masu bibiyarmu daga Karofane, Buza, Madawa da Keita, duk wanda ya taɓa zama taron ƙungiyar manoman albasa ya san lokacin da ma'aji ke miƙewa ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. Haka kamfanoni ma suke yi, a rubuce. Shi ne rahoton shekara, kuma da shi masu nazarin harkar kuɗi suke ba mutane shawara ko su sa jarinsu, ko su janye.

To, yana ishe su? Da sauran magana.

Dokar OHADA ta ba kamfani wata shida bayan rufe shekara kafin ya tara masu hannun jari su amince da lissafi. Ke nan lissafin Disamba yana iya kaiwa Yuni. A tuna da takunkumin CEDEAO da ya faɗo a ƙarshen Yulin 2023, aka ɗage shi a Fabrairun 2024. Mai nazarin da ya riƙe rahoton 2022 a lokacin, labarin wata duniya yake karantawa. Ita kuma ta 2023, kafin ta fito an riga an sha wuyar.

Sannan abin da yake nema ba jimillar riba ba ce kawai. In banki ne, yana son ya ji wa aka ba bashi: gwamnati, 'yan kasuwa, ko manoma? Nawa ya maƙale? Nawa ya zo jihar Tawa, nawa ya tsaya Yamai? Rahoto yakan cika sharaɗin doka tsaf, amma irin wannan bayani sai an tona, wani lokacin ma ba a samu.

Wannan ma ga inda ake ganin rahoton ke nan. A kasuwar hannun jari ta BRVM da ke Abijan, wadda ta fara aiki a 1998, BOA Niger ne kamfanin Nijar da ake sayar da hannun jarinsa, shi ya sa dole ya bayyana lissafinsa ga kowa. Sauran, har manya irin na simintin Malbaza a nan kusa da mu, ba su cikin kasuwar, wannan tilas ba ta hau kansu ba. Wanda ya fito ɗin kuwa da Faransanci yake, Faransancin akawu, wanda ko mai boko sai ya nemi wani ya warware masa.