Lambun Uwargida: Ki San Dashen Lemun Da Za Ki Shigo Da Shi Gida

A wannan watan za mu leƙa bayan ɗaki ne, wajen bishiyar lemun tsamin nan da ke shan ruwan alwala da na wanke-wanke. Ita ce ta kunun gyaɗa da zoɓo, ita ce ta shayin mai mura, da ita ake kwaɓa lalle, kuma in ta yi 'ya'ya da yawa a ɗora wa yaro tire ya samo kuɗin cefane.

Ke da ke Wurno ko Rabah ko Goronyo kin san ruwa ya sauya mana noma. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, ga kuma fadamun Wurno da suka yi suna wajen albasa da tafarnuwa da shinkafa, mutane sun ƙara son dasa itatuwa a gefen lambu. To, akwai wata cuta ta lemu da ya kamata ki sani tun kafin ki sayi dashe na gaba.

Sinawa, waɗanda suka san ta fiye da shekara 100, suna kiranta Huanglongbing, mu kuwa mu ce mata cutar koren lemu, domin lemun da ta kama ba ya nuna sosai, gindinsa yakan tsaya kore. Ƙwayar bakteriya ce ke shiga jijiyoyin da ke kai abinci daga ganye zuwa saiwa ta toshe su, sai bishiya ta riƙa ramewa har ta mutu cikin 'yan shekaru. Ba ta bar lemun zaƙi ba, ba ta bar na tsami ba, kuma har yau ba a samo maganin da ke warkar da bishiyar da ta kamu ba. A jihar Fulorida ta Amurka an gano ta a 2005. Kafin nan, a kakar 2003 zuwa 2004, sun girbe akwatin lemu miliyan 242, amma bayan shekara 20 abin da suka samu bai wuce kamar miliyan 18 ba. Guguwa ta yi tata ɓarnar, amma cutar nan ce uwa uba. Masu kuɗi da jiragen feshi ke nan fa, balle mu.

Cutar ba ta tafiya da ƙafarta. Wani ɗan ƙwaro ne ke ɗaukarta, wanda tsawonsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, wato bai kai ƙwayar shinkafa ba. Yana tsotsar ruwan ganyen bishiya mai ciwo, ya tashi ya sauka kan lafiyayya. Iri biyu ne. Na Afirka, shi da irin cutar da ya saba ɗauka, ba sa jure zafi, sun fi son wurare masu sanyi da tsaunuka, don haka ranar Sakkwato ba ta yi musu daɗi. Na Asiya kuwa yana jure zafi da bushewa, kuma shi ne masana suka ba da rahoton ganinsa a jihar Oyo a 2020, daga baya a Gana da Jamhuriyar Benin. Kin ga nesa ta zo kusa, tunda ƙwaron da ba ya iya dogon tashi da fiffikensa yana iya hawa mota, a jikin dashen da ke cikin baƙar leda.

Nan ne nake son ki tsaya, uwargida. Maigida ya dawo daga kudu da tsarabar dashen lemu mai aure, ko kin gan su jere a bakin titi sun yi shar, kin yi sha'awa. Dashe yana iya ɗauke da cutar wata da watanni, har fiye da shekara, bai nuna alama ba. Auren bishiya da reshen da aka yanko daga mai ciwo shi ma hanya ce. A ganina gara ki sayi wanda aka raina a nan kusa, wurin mai rainon da kika san inda yake samo rassansa, ko ki nemi malamin gona ya yi miki jagora. Lemun tsami ma yana fitowa lafiya daga ƙwallonsa, haƙuri kawai yake so.

Yaya za ki gane? Ba kowane rawayan ganye ne cuta ba, domin a ƙasarmu mai yashi yunwar taki ta fi yawa. Tsinko ganyen ki dubi jijiyar tsakiya. In rawayan dama ya yi daidai da na hagu, kamar an zana, galibi yunwa ce, sai ki ba ta takin gargajiya da ya ruɓe. In kuwa dabbare-dabbare ne, gefe ɗaya bai yi kama da ɗayan ba, kuma reshe guda ne ya fara alhali sauran suna kore, to a kula. 'Ya'yan sukan fito ƙanana, a karkace, su zube da wuri, in kin yanka ki tarar da ƙwallayen sun yi baƙi sun motse, ga ɗaci. Shan irin wannan lemun ba ya cutar da mutum, daɗi ne dai babu.

Shi ƙwaron a sabon toho ake nemansa, musamman farkon damina ko bayan an yi ban ruwa. Babban yakan kafa kai a ganye ya ɗaga bayansa sama a karkace, in kin taɓa ya yi tsalle. 'Ya'yansa launin ruwan ɗorawa ne, suna fitar da wani farin abu kamar zare. Yawan tururuwa a kan toho ma alama ce, domin zaƙin da ƙwarin ke fitarwa take bi, har tana kare su daga ƙwarin da ke cinye su.

In kin ga ƙwari, daka ƙwallon dogon yaro busasshe, kamar giram 50 ga kowace litar ruwa, ki jiƙa ya kwana, ki tace, ki ɗan sa sabulu, ki fesa wa tohon da yamma, sama da ƙasan ganye, ki maimaita bayan mako. Wannan rage su yake yi. Don Allah kada ki ɗauko ragowar maganin feshin albasa ki fesa a tsakar gidan da yara ke rarrafe da kaji ke kiwo. Ki yi wa maƙwabciya magana ita ma ta duba tata, domin katanga ba ta tare ƙwaro.

In alamun ganye da na 'ya'ya sun haɗu, a sanar da malamin gona na ƙaramar hukuma ko ofishin Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Jihar Sakkwato, domin gwaji ne kaɗai ke tabbatarwa. In ta tabbata, sare reshe ba ya wadatarwa tunda ciwon ya kai saiwa. Sai a yi wa bishiyar feshi tukuna don kada ƙwarin su watse zuwa maƙwabta, sannan a tumɓuke ta har saiwa, a kashe duk tohon da ya sake fitowa daga wurin.